Tarihin Binciken Alaƙar Hanji da Cutar Fakinsin

A 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya wallafa bayanin mutum 6 masu karkarwar hannu da nauyin tafiya. Cikin alamomin da ya lissafa har da cushewar ciki. Bayansa masana suka tattara hankalinsu kan ƙwaƙwalwa, inda aka gano cewa ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa. Maganar hanji kuwa sai aka ajiye ta gefe har kusan ƙarni biyu.

A 2003 Heiko Braak, masanin ƙirar jiki a Jamus, ya farfaɗo da ita. Ya yi hasashen cewa gurɓataccen furotin mai suna alfa-sinukilin na iya fara taruwa a jijiyoyin hanji, sannan ya bi jijiyar bagus, wadda ta haɗa ciki da kai, har ya isa ƙwaƙwalwa. A 2015 nazari a Denmak ya nuna cewa cutar ta ɗan ragu a cikin waɗanda aka yanke wa wannan jijiya ɗungurungum don maganin gyambon ciki. A shekarar kuma masu bincike a Helsinki suka tarar bakteriyar hanjin majiyyata 72 ta bambanta da ta masu lafiya.

Rawar garkuwar jiki ta fito fili a 2016, a gwajin jami'ar Caltech ta Amurka. Ɓerayen da aka rena ba bakteriya a hanjinsu sun nuna alamun cutar kaɗan, kuma ƙwayoyin garkuwa na ƙwaƙwalwarsu ba su harzuƙa sosai ba. Da aka dasa musu bakteriyar majiyyata, motsinsu ya ƙara lalacewa. Sai dai hujjar ɓera ba ta yanke hukunci a kan ɗan Adam.

A ƙasar Hausa ma an ga alamar. A 2014 likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka ruwaito cewa cushewar ciki da dalalar yawu sun fi yawa ga sababbin masu cutar fiye da tsaransu masu lafiya. Cushewar kan riga karkarwa da shekaru. Saboda haka, a Kano ne ko a unguwar Hausawa ta Birketeri a Yawunde, dattijon da cikinsa ya daɗe a cushe, tafiyarsa ta yi nauyi, rubutunsa ya ƙanƙance, ya cancanci ganin likitan jijiyoyi kafin a ce tsufa ne kawai.