Ƙidayar Turawa da neman asalinmu a zangunan Gana

Matasan zango da dama sun shiga neman tarihin gidajensu, kuma tambayar da ke yawan fitowa daga bakinsu ita ce: tun da Turawa sun yi ta ƙidayar jama'a a Gwalkwas, ba za a sami sunan kakanmu a littattafansu ba? Tambayar tana da nauyi, domin har yau akan tare ɗan zango a ce ya faɗi garinsu, alhali kakan kakansa a Kumashi ko Ankara aka binne shi. Sai dai kafin mu ɗora wa takarda wannan nauyi, ya kamata mu san yadda aka rubuta ta.

Ƙidaya ta farko a shekarar 1891 aka yi ta, kuma iyakarta yankin bakin teku, domin ƙasar Tonawa da arewa ba su shiga hannun Ingila ba tukuna. Wato Salga, babbar kasuwar goro inda fatakenmu suka fi taruwa, tana waje da lissafin. Shekara guda bayan haka, a 1892, yaƙin basasa ya watsa garin, jama'arsa suka bazu zuwa Kete Karaci da Yeji da sauran wurare. An sake ƙidaya a 1901 da 1911 da 1921 da 1931, Yaƙin Duniya na Biyu ya hana ta 1941, sai a 1948 aka yi ta ƙarshe a zamanin mulkin mallaka.

A yawancin ƙauyuka, musamman a ƙidayoyin farko, malamin ƙidaya bai shiga gida gida ba. Sarakuna aka ɗora wa aikin, masu gidaje su jefa ƙwayar masara ko wuri ko tsakuwa a cikin ƙwarya, kowace ɗaya a madadin mutum guda, sannan a kai wa jami'in gwamnati ya haɗa jimla. Lissafin da aka yi da wuri da masara ba ya riƙe sunan kowa. Ga kuma tsoro: mutanen da suka saba ganin haraji ko aikin tilas ko ɗibar soja na biyo bayan ƙirge sukan ɓoye samarinsu.

Ko a biranen da aka cika takarda, rayuwar zango ba ta zauna daidai a layukanta ba. Falken da ke kan hanya ranar ƙidaya ba a same shi a gida ba. Gidan maigida kuwa cike yake da baƙi da barori da almajirai, ba lalle mai rubutu ya bambance ɗan gida da ɗan riƙo ba. Matan kulle ta bakin mazajensu aka ji labarinsu. Kunya ma ta yi nata aikin, domin uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, sai laƙabi.

Kalmar Hausa kanta tana bukatar taka tsantsan. Turawa sun kira rundunar da suka kafa a ƙarni na 19 da sunan Hausawa, alhali a cikinta akwai Yarbawa da Barebari da Zabarmawa da Gurunsawa, waɗanda harshen bariki ya haɗa su. Sukan kuma liƙa wa soja sunan garinsu ko ƙabilarsa a matsayin suna na biyu, kamar Alhaji Gurunshi, wanda ake cewa shi ya fara harbi a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914. Saboda haka ganin Kano a bayan sunan mutum alama ce mai amfani, amma ba ta isa hujjar cewa a can aka haife shi ba.

Ƙidayar watan Maris na 1960, a zamanin Kwame Nkrumah, ita ce ta farko da aka yi bisa tsarin zamani, aka bi mutum ɗaya ɗaya, aka sami jama'a kimanin miliyan 6.7. Duk da haka shekarun haihuwa kintata su aka yi. Wanda bai san shekarunsa ba sai a auna shi da wani babban abu da ya faru, irin annobar mura ta 1918 ko girgizar ƙasar Ankara ta 1939, shi ya sa shekaru masu ƙarewa da 0 ko 5 suka yi yawa. Ta 1970 kuwa ta zo ne 'yan watanni bayan dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Nuwamban 1969. Iyalai da yawa sun riga sun tashi, waɗanda suka rage kuma suna da dalilin sakaya asalinsu.

A Ingila ana buɗe takardun ƙidaya masu sunaye bayan shekara 100, a Amurka bayan 72, shi ya sa mutanen can ke gano kakanninsu a cikinsu. Abin da ya fi isowa hannunmu a nan shi ne rahotannin da aka buga, masu ɗauke da jimlar gari da gunduma. Suna da amfaninsu: za su nuna mana lokacin da wani gari ya bunƙasa da baƙi, mu gwada da abin da dattawa suka faɗa game da zuwan gidanmu.

Sunayen kuwa a wasu wuraren suke. Akwai takardun filaye da na kotuna a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Ankara da Kumashi da Tamale. Akwai takardar sallamar soja a ƙasan akwati, da wasiƙun ajami, da ranakun haihuwa da rasuwa da malamai ke rubutawa a gefen littattafansu, da jerin sarakunan zango da limamai. Sama da duka akwai tsofaffin matanmu, waɗanda suka san wa ya auri wa, daga wane gari, da kirarin gidan. Mu zauna da su tun suna raye, mu rubuta abin da suka faɗa tare da sunan mai faɗa da ranar, sannan mu gwada shi da takarda. Inda baki biyu da takarda suka haɗu, nan za mu iya tsayawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa aljanna ce makomarsu.