Littafin da aka ƙaga aka jingina wa Yahudawa

A shekarar 1921, a birnin Santambul, wani ɗan gudun hijira daga Rasha ya kai wa Philip Graves, wakilin jaridar The Times ta Landan, wani tsohon ɗan littafi na Faransanci. Shafin farko ya yage, babu sunan littafin balle na marubucinsa. Ya ce masa ya jera shi da littafin da Turai ke ta ce-ce-ku-ce a kansa a lokacin, wato wanda ake kira Ƙudurorin Dattawan Sahyoniya, da aka ce bayanin wani taron sirri ne inda manyan Yahudawa suka tsara yadda za su mallake duniya. Graves ya buɗe biyun gefe da gefe. Sai ga sakin layi nan, ga ɗan'uwansa can, wani wurin har misalin iri ɗaya. A watan Agusta na shekarar jaridar ta kwana uku tana buga abin da ya gano, ita da a shekarar da ta gabata ta tambayi masu karatunta ko littafin nan gaskiya ne.

Tsohon littafin na wani lauya ne Bafaranshe, Maurice Joly, an buga shi a Beljiyam a 1864. Zambo ne ya yi wa sarkin Faransa Napoleon na Uku, ya ƙago hira a lahira tsakanin masana siyasa biyu, Machiavelli da Montesquieu, ya sa wa na farkon dabarun mulkin kama-karya a baki: a saye jaridu, a danne kotuna, a ci bashi a rufa wa talaka ido. An ɗaure Joly wata 15 a kan haka. Babu maganar Yahudawa a littafinsa. Wanda ya yi satar ya ɗebe sarkin Faransa ne ya ɗora su a gurbinsa, kuma bai iya share sawu ba. Joly ya kwatanta jaridun gwamnati da Vishnu, abin bautar Indiyawa mai hannuwa da yawa, sai ga Vishnu ɗin nan ya ɓullo a bakin dattawan Yahudawa, mutanen da addininsu ya ginu a kan kaɗaita Ubangiji. Masanin tarihi Norman Cohn ya ƙirga wurare sama da 160 da aka kwaso daga Joly, kusan kashi biyu cikin biyar na Ƙudurorin.

Tatsuniyar taron sirrin kuwa ta riga Ƙudurorin fitowa. Wani Bajamushe, Hermann Goedsche, wanda aka kora daga aikin gidan waya saboda ƙirƙirar wasiƙun bogi, ya rubuta ƙagaggen labari a 1868. A wani babi ya tara wakilan ƙabilun Bani Isra'ila goma sha biyu a maƙabartar Yahudawa ta birnin Prague suna ƙulla makirci. Daga baya aka yanko babin aka riƙa buga shi shi kaɗai, wai jawabi ne na wani malamin Yahudawa.

Masu ilimin hadisi suna da tambaya ɗaya da ba su ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? In aka bi isnadin wannan littafi, farkon wanda ya fito da shi fili shi ne Pavel Krushevan, a jaridarsa Znamya ta birnin Petersburg, a 1903. Watanni kaɗan kafin nan wata jaridar tasa ta hura wutar rikicin garin Kishinev da ƙazafin cewa Yahudawa sun kashe wani yaro Kirista don ibadarsu. An kashe Yahudawa 49, daga baya ta tabbata ɗan'uwan yaron ne ya kashe shi. Mai ruwaya na biyu, Sergei Nilus, ya saka rubutun a littafinsa a 1905, kuma bai tsaya a magana ɗaya ba kan inda ya samo shi. Sai a bugun 1917 ya ce daga taron 'yan Sahyoniya na Basel ne na 1897, taron da aka yi a bainar jama'a, 'yan jarida na zaune.

Ana cewa ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi, masu ɗaci. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, waɗanda suka gudu suka tafi da littafin Jamus da Ingila da Amurka. Henry Ford mai kamfanin mota ya yi ta yaɗa abin da ke ciki a jaridarsa daga 1920, sai a 1927 ya nemi gafara. A 1922 aka harbe ministan harkokin wajen Jamus, Walther Rathenau, wanda Bayahude ne, kuma a kotu aka ji cewa cikin makasan akwai masu ɗaukarsa ɗaya daga dattawan nan. Hitler ya san an tona asirin littafin, amma ya ce musantawar ita ce shaidar gaskiyarsa. Da irin wannan hujja ba wanda zai taɓa wanke kansa: in ka yi shiru ka amsa laifi, in ka musa ka ƙara tabbatar da shi. Wata kotu a birnin Bern na Suwizalan ta yanke a 1935 cewa littafin jabu ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1937 saboda dokar da aka yi amfani da ita ba ta shafi irin wannan rubutu ba, ba don ta gaskata shi ba, amma 'yan Nazi suka yi ta shelar sun ci shari'a. Abin da ya biyo baya, kisan Yahudawa miliyan 6, duniya ta sani.

Fassarar Larabci da ta fi yaɗuwa ita ce ta Muhammad Khalifa al-Tunisi, wadda ta fito a Alƙahira a 1951, lokacin da raunin yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1948 bai warke ba. Mutanen da ke da ƙorafi na gaskiya a kan ƙasa da gidaje sai aka miƙa musu takardar bogi ta Turawa su riƙe a matsayin hujja. A 2002 har wasan talabijin aka yi a Masar da aka jingina da littafin, a watan azumi. A shekarar ne Osama el-Baz, mai ba shugaban Masar na lokacin, Mubarak, shawara, ya rubuta a jaridar Al-Ahram cewa littafin ƙage ne. Haka ma Abdel-Wahab el-Messiri, malamin da ya shafe shekaru yana sukar aƙidar Sahyoniya har ya rubuta kundi mai mujalladi takwas a kanta. A ganinsa, wanda ya yarda wasu tsofaffi ne a ɓoye ke juya duniya ya daina nazarin siyasa ke nan, ya kuma ba abokin hamayyarsa girman da ba shi da shi.

Shi kuwa Joly ya mutu a Faris a 1878, shekara 25 kafin a ɗauki kalmomin da ya sha ɗauri dominsu a sa su a bakin mutanen da bai rubuta su a kansu ba.