Shanyewar ɓarin jiki: gamsuwar majinyaci da iyalinsa

Shanyewar ɓarin jiki takan auku idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Hawan jini, wanda ake kira tansiyo, shi ne babban sanadinta. Bayan an ceto ran majinyaci, sai a shiga aikin farfaɗo da shi: motsa gaɓoɓi, koyon zama da tafiya, da koyon magana.

Mece ce gamsuwa?

Gamsuwa ita ce majinyaci da iyalinsa su ji an kula da su yadda ya dace. Sau da yawa rashin bayani ne ke ɓata ran iyali. Sukan zaci mutum zai miƙe cikin mako guda. In ba su ga haka ba, sai su yanke ƙauna su daina kai shi asibiti.

Ku sani cewa sauƙi ya fi saurin samuwa cikin watanni 3 zuwa 6 na farko, amma yana iya ci gaba bayan haka. Wasu sukan warke sarai, wasu kuma rauni yakan saura a hannu ko ƙafa.

Tambayoyi kafin a sallame ku

1. Wane motsa jiki za mu yi masa a gida, kuma sau nawa a rana?
2. Wane abinci zai iya haɗiyewa ba tare da ya ƙware ba?
3. Yaya zai riƙa shan maganin hawan jini?
4. Yaushe za mu dawo, kuma nawa za mu biya?

Haƙƙinku ne a amsa muku cikin harshen da kuke ji.

Kulawa a gida

In ba ya iya juyawa, ku juya shi kowace awa 2 don kada kwanciya ta jawo masa gyambo. Kada ku ja hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. Ku rage gishiri a abincinsa. Ku raba aikin jinya tsakaninku, kada a bar wa mace ɗaya.

Ku tambayi majinyacin abin da ya fi so ya iya: cin abinci da hannunsa ko zuwa makewayi da kansa. Ku shaida wa ma'aikacin lafiya, don a sa wannan buri a gaba.

In wani abu bai gamsar da ku ba, ku faɗa wa shugaban sashen cikin ladabi. Da jin ra'ayinku ne ake gyara aiki.