Ƙwanƙwasa da Zafin Inji a Tsofaffin Motocin Dizal: Tahƙiƙi a kan Matsayin Nozil Kafin a Sauke Inji

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci alamomi biyu da suka fi addabar tsofaffin motocin dizal na hannu, wato ƙwanƙwasa da yawan zafi, ta kuma kafa hujja a kan cewa sau da yawa sababinsu guda ne, yana kuma cikin yadda man gas yake shiga silinda. An taƙaita nazarin a kan injunan Toyota masu lamba 2L da 3L da 5L, an kuma nuna cewa musayar nozil tsakanin silinda biyu tana iya raba gardama tun inji yana kan mota.

Gabatarwa

Duk wanda ya san tashoshin mota na Kano da Katsina da Maraɗi ya san cewa motoci masu shan man gas daga cikin HiAce da Hilux da suke jigila a waɗannan hanyoyi, mafi yawansu sun ci rabin rayuwarsu a Turai kafin su sauka a Kwatano ko Ikko, sa'an nan su zo su tarar da zafin watan Afrilu wanda yakan haura digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe lagireto, da lodin da ya wuce ƙima, da mai wanda ba kullum ake samunsa tsantsa ba. Injunan da ake magana a kai, masu girman lita 2.4 da 2.8 da 3.0, suna da silinda huɗu, famfonsu na injekta kuwa bel ɗin taimin ne yake juya shi. Idan irin wannan mota ta fara ƙwanƙwasa, allurar zafi kuma ta riƙa hawa a kan tudu, mas'alar da take gaban bakanike ita ce ya tantance ko cuta biyu yake fuskanta ko kuwa cuta guda mai fuska biyu.

Ra'ayoyin da Suka Gabata

Masana sun daɗe da yin ittifaƙi a kan asalin ƙarar dizal. Harry Ricardo, injiniyan Ingila, ya bayyana cewa tsakanin lokacin da aka fesa mai cikin matsattsiyar iska mai zafi da lokacin da ya kama wuta akwai ɗan jinkiri, kuma duk man da ya taru a cikin wannan jinkiri yakan ƙone gaba ɗaya da ƙarfi, wannan bugu shi ne kunne yake ji. Gwargwadon tsawon jinkirin, gwargwadon tsananin bugun. Babu saɓani a nan.

Saɓaninmu da jamhurin kanikawa ne, a wurare biyu. Na farko shi ne al'adar cire tamostat da zarar mota ta yi zafi, bisa hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen ƙanƙara. Wannan ƙiyasi ne da bai cika sharaɗi ba, domin tamostat mai lafiya, wanda galibi yake fara buɗewa a digiri 82 ko 88, idan inji ya ɗauki zafi sosai a buɗe yake, ba ya tare wa ruwa hanya. Kuma a injuna da yawa shi ne yake rufe ƙaramar hanyar da ruwa yake bi ya koma cikin inji ba tare da ya shiga lagireto ba, saboda haka wanda ya cire shi ya bar wani kaso na ruwan yana kewaye wurin da zai huce. Banda haka, injin da aka hana shi kai wa zafinsa na aiki da safe yakan daɗe yana ƙwanƙwasa, tun da sanyin silinda yana tsawaita jinkirin kama wuta. Ta haka maganin da aka yi wa alama ta biyu yake ƙara wa ta farko ƙarfi, mai mota kuma ya tafi yana godiya.

Na biyu shi ne gaggawar cewa inji ya buga, a aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya sayo metal da ringi, a kai karanshaf wurin gyara, alhali ba a taɓa nozil ko guda ba.

Hanyar Bincike

An dogara ga lura da aikin kanikawa a garejoji, da sauraron injuna suna sanyi da kuma bayan sun ɗauki zafi, sa'an nan aka gwama abin da aka gani da ƙa'idojin ƙonewar mai da aka ambata. Kayan aikin su ne sifana, da ma'aunin matsin baƙin mai, da famfon gwajin nozil.

Sakamako da Tattaunawa

Abu na farko da ya tabbata shi ne cewa ƙarar ƙonewar mai da ƙarar metal suna da halaye mabambanta ga mai haƙurin saurare. Ƙwanƙwasar da ta samo asali daga ƙonewar mai siririya ce mai kaifi, tana tsananta da sanyin safiya, tana sassautawa idan inji ya ɗumama; ta metal kuwa mai nauyi ce, daga ƙasan inji take fitowa, tana ƙaruwa idan baƙin mai ya yi zafi ya tsinke, sau da yawa fitilar mai tana ƙyaftawa idan mota tana silo, wanda kuma ya yanka tsohuwar filta zai iya ganin ɓurɓushin ƙarfe a cikinta.

Sai dai kunne shaida ne guda, kuma ba a yanke hukuncin da zai cinye wa direba kuɗin wata da watanni da shaida guda. A nan ne kanikawa suke kawo gwajin da suka saba, wato a sassauta notin bututun mai na kowace silinda ɗaya bayan ɗaya inji yana aiki, a ji wadda ƙarar za ta ɗauke idan an hana ta mai. Gwajin yana da kyau, amma abin da yake nunawa shi ne silindar da laifin yake, ba ya faɗin mene ne laifin. Domin idan an hana silinda mai, bugun da yake sauka a kan fistin ya tsaya, saboda haka ƙarar metal da ya saki za ta ragu kamar yadda ƙarar nozil mai ɗiga za ta ragu. Bakaniken da ya tsaya a nan ya ce metal ne, ya ɗauki zato ya ba shi matsayin yaƙini.

Matakin da ya rage, wanda shi ne zuciyar wannan maƙala, shi ne a ciro nozil ɗin silindar da ake tuhuma, a musanya shi da na wata silinda mai lafiya, a sa sababbin wosha, a tayar da inji, a maimaita gwajin. Idan ƙarar ta bi nozil zuwa sabon mazauninsa, to, metal da fistin sun kuɓuta daga tuhuma; idan kuwa ta zauna inda take, sai a koma ga ma'aunin matsin baƙin mai kafin a taɓa ƙasan inji. Aikin bai kai na rabin yini ba, hujjarsa kuma yankakkiya ce, domin abu guda kaɗai aka canza.

Dalilin da ya sa nozil ya cancanci wannan kulawa shi ne cewa shi kaɗai yana iya haifar da alamomin biyu a lokaci ɗaya. A irin waɗannan injuna, nozil mai lafiya ba ya buɗewa sai matsin mai ya haura bar 100 da rata mai yawa, sa'an nan ya fesa shi kamar hazo, ya rufe nan take. Idan sifirinsa ya gaji ko bakinsa ya cinye, sai ya buɗe kafin lokacinsa, ya zubo mai a dunƙule, ya ci gaba da ɗiga bayan ya kamata ya rufe. Man da ya riga lokaci yakan taru ya fashe da ƙara, wanda ya makara kuwa yakan ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, zafin da ya kamata ya tura fistin ya ƙare a jikin kan silinda da ruwan da yake kewaye da shi. Daga nan baƙin hayaƙi, da hawan allura a kan tudu, in an yi sakaci kuma kan fistin ya ƙone ko kan silinda ya tsage tsakanin bawul biyu, wanda aibu ne da aka san samfurin 2L mai turbo da shi. Man gas da aka gauraya da kananzir yana gaggauta wannan lalacewa, saboda ƙarancin santsinsa yana cinye nozil da famfo, jinkirinsa na kama wuta kuma ya fi tsawo.

Idan ƙarar ba ta keɓanta da silinda guda ba, sai a tuhumi taimin ɗin famfo, musamman bayan canjin bel: wanda ya yi gaba yana kawo ƙwanƙwasa, wanda ya yi baya yana kawo zafi da rashin ƙarfi. Murfin lagireto da tiyo da fambel da fanka kuwa sanannu ne wajen kawo zafi, a duba su tun farko. Haka kumfar da take tasowa a bakin lagireto inji yana sanyi, wadda take nuna gasket ya ƙone.

Iyakokin Bincike

Tilas a yarda cewa nazarin bai shafi sababbin injuna masu kwamfuta ba, waɗanda matsin mansu ya kai matuƙar da sassauta bututu a kansu haɗari ne ga rai. Haka nan motar da aka daɗe ana tuƙa ta a wannan hali tana iya haɗa laifin nozil da na metal, sai musayar ta rage ƙarar ba tare da ta kawar da ita ba. Wannan bai rushe hujjar ba, tsarin bincike kawai yake tsawaitawa.

Shawara

Ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da malaman kwalejojin fasaha da su sanya musayar nozil cikin abin da ake koya wa yaran gareji tun shekararsu ta farko, ga masu motoci kuma da kada su yarda a sauke musu inji sai an nuna musu feshin nozil huɗun a kan famfon gwaji, an kuma mayar da tamostat mazauninsa.