Daga 1914 Zuwa Yau: Tarihin Satar Amsa da Tsagar da Ke Bangon Jami'a

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa a Nijeriya ya san kalmar "expo", ko da bai taɓa amfana da ita ba. Da yawa muna ɗauka cutar zamani ce, wai yaran yanzu ne suka lalace. Tarihi bai yarda da haka ba. Satar amsa ta girmi kakanninmu, kuma yaƙin da hukuma ta yi da ita fiye da shekara ɗari yana ɗauke da darasin da ya kamata malaman jami'a su duba da kyau.

Masu binciken tarihin ilimi sukan fara labarin daga 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. A shekarar ne tambayoyin jarrabawar Kambirij ta manyan ɗalibai suka fita kafin ranar rubutawa. Ko jami'a ɗaya babu a ƙasar a lokacin, domin Kwalejin Jami'a ta Ibadan sai 1948 aka buɗe ta, hukumar WAEC kuma sai 1952 aka kafa ta. Wato tun ranar da takarda ta zama mabuɗin aikin gwamnati aka samu masu neman ta ta bayan gida.

Babban abin kunyar ya zo a 1977, lokacin da tambayoyin WAEC suka bazu a hannun ɗalibai, har aka raɗa wa lamarin suna "Expo 77". Gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun. Cikin shawarwarin da kwamitin ya bayar akwai rage wa WAEC nauyi, domin kayan sun fi ƙarfin jaki ɗaya. An daɗe ana jan ƙafa kafin a kafa NABTEB a 1992 da NECO a 1999.

Akwai abin da ya shafe mu a nan kai tsaye. Magatakardan WAEC a lokacin, Chukwuemeka Ike, marubucin ƙagaggun labarai ne. Ya riƙe kujerar daga 1971 zuwa 1979, kuma a 1980 ya fitar da littafi mai suna Expo '77 a kan wannan annoba. Rahoton kwamiti yana can cikin kabad, amma littafin ya shiga hannun ɗalibai. Mai alƙalami ya lura da wannan.

Daga nan hukuma ta ɗauki bulala. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta fitar da doka mai lamba 20, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka kama da maguɗin jarrabawa. A 1999 aka zo da doka mai lamba 33. A cikinta, ɗalibin da bai kai shekara 18 ba zai iya biyan tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun. Malami ko mai sa ido da aka samu da hannu kuwa, ɗaurin shekara huɗu ne ba zaɓin tara. Dokoki ne masu kaifi a takarda, amma maguɗi bai mutu ba. Riga kawai ya riƙa sauyawa: daga 'yar takarda a cikin safa zuwa sojan haya mai rubuta wa wani, daga nan zuwa makarantun da ake biyan kuɗi a rubuta amsa a allo, sannan wayar hannu.

Abin da ya ɗan rage ɓarnar shi ne gyaran yadda ake gwajin kansa. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta kai matsayin da jami'o'i suka daina amincewa da makinta, saboda ɗalibi zai zo da maki mai tsoka ya kasa rubuta sakin layi ɗaya. Shi ya sa a 2005 aka ba jami'o'i damar sake gwada masu neman gurbi da kansu. A 2013 JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta, a 2015 ta mayar da kowa kanta. Da aka daina jigilar buhunan takardu daga gari zuwa gari, kuma tambayoyin maƙwabcinka suka bambanta da naka, tsohuwar hanyar fitar da tambaya ta toshe. Ɓarayi sun nemi wasu ƙofofin, amma wannan gyaran ya yi abin da barazanar shekara 21 ta kasa yi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukuma ta shafe shekaru tana jifan ƙadangare, ba ta ga sauƙi ba sai da ta fara liƙe tsagar.

To ina tsagar take a cikin jami'a? A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'o'i biyar ne kacal a Nijeriya. Yau sun haura 250, masu rubuta JAMB a shekara kuma sun kai kimanin miliyan biyu. A manyan darussan shekarar farko, malami ɗaya zai tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai, na baya ba sa jin muryarsa, shi kuma bai san sunan goma daga cikinsu ba. Ya karanto musu abin da ke takardarsa, ya nemi su dawo masa da shi kalma da kalma a ƙarshen zango, wani lokaci da tambayoyin bara. Gwajin da ke neman hadda kawai, 'yar takarda a aljihu ta isa ta ci shi. Haka aikin binciken kammalawa: idan malami yana duba ɗalibai da yawa kuma bai zauna da su ba, yaya zai gane wanda ya sayo nasa a shagon kwamfuta? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙarshen wannan hanya shi ne kwali ba karatu. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai bayan mujallar The News ta bankaɗo cewa digirin da ya ce ya samu a Jami'ar Toronto na jabu ne. A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Wanda ya sayi kwali da wanda ya saci amsa shekara huɗu, kasuwa ɗaya suke ci. Wanda zai biya kuɗin kuwa shi ne majinyacin da zai kwanta a gabansu, ko yaron da za su koyar.

Ƙasar Hausa ta san wata hanyar shaida kafin zuwan boko. A karatun zaure, ɗalibi yakan karanta littafi a gaban malami, baki da baki, kafin a ba shi ijaza, kuma sunan malamin ne ke tsaya masa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh ne don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. A irin wannan tsari sata tana da wuya, domin mai ba da shaida ya san wanda yake shaida.

Ba za a mayar da aji mai mutum ɗari biyar zaure ba, amma ana iya aron hikimarsa. A raba manyan azuzuwa ƙungiya-ƙungiya a hannun mataimakan malamai. A sauya tambayoyi duk shekara, su zama masu neman ɗalibi ya yi aiki da abin da ya koya a kan matsalar garinsu. A karɓi aikin bincike babi-babi, a sa mai shi ya kare shi da bakinsa. A koya wa ɗan aji ɗaya yadda ake ambaton mai magana tun kafin a hukunta shi kan kwafe. Hukuncin kuma ya zama wanda ake aiwatarwa, ya hau kan malami mai sayar da maki kamar yadda yake hawa kan ɗalibi. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, na'ura na iya rubuta aikin gida cikin minti ɗaya, amma ba za ta zauna a kujerar ɗalibi ta amsa "me ya sa ka ce haka?" ba.

Mu ma masu koyon rubutu tambayar tana jiranmu, domin satar fasaha ƙanwar satar amsa ce. Kafin ka sa sunanka a ƙarƙashin labari, ka tabbata za ka iya kare kowane layi nasa a gaban wanda ya san ka. Sai mun haɗu a mako na gaba.