Barci da motsin jiki a ciwon damuwa da sikizofireniya

A zangonmu, da zarar saurayi ya daina fita nema ya koma kwanciya, sai a ce rago ne. Ni ma haka na yi ta kiran ƙanena har wata biyu, kafin likita ya ce ciwon damuwa ne. Shi ya sa na tattaro wannan bayani.

Mai ciwon damuwa jikinsa kan yi nauyi. Tafiya a hankali, magana a hankali, wanka ma sai ya zama aiki. Da yawansu kan farka awa 2 ko fiye kafin lokacin da suka saba, barci ya ƙi dawowa, kuma safiya ta fi musu tsanani. Wasu akasin haka ne: yawan barci, ko kai-kawo ba zama. Likitoci kan duba ko alamun sun kai mako 2.

Sikizofireniya kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ne da kan sa mutum jin muryoyi ko zargin mutane ba dalili. A nan dare da rana ne kan juye: ido biyu har asuba, barci har azahar. Magani ma yana da nasa tasiri. Wani kan sa kasala, wani kan hana mutum zama wuri ɗaya. In an ga haka a gaya wa likita, kada a yanke magani da ka.

Ana auna wannan da wata na'ura mai kama da agogon hannu. Wani bincike da aka buga a 2010 daga birnin Bergen na ƙasar Norway ya gano motsi ya ragu a cututtukan biyu, amma na masu sikizofireniya ya fi bin tsari guda kullum.

Sai dai a lura: mai gadi ko ɗan dakon da ke sauke kaya da dare a Mile 12, barcin rana ba ciwo ba ne gare shi. Abin dubawa shi ne canji daga yadda mutum ya saba.

Shawarata, a rubuta lokacin kwanciyarsa, tashinsa da fitarsa na mako 2, a kai wa likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, Aro ta Abeokuta, Uselu ta Benin, Enugu da Kalaba. In ya fara maganar kashe kansa, ba jira, a kai shi ranar. A haɗa addu'a da asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.