Littafin da aka cire wa shafuka: soyayya, maɗigo da 'yan kasuwar Sabon Gari

Wata mai sauraro ce ta turo min tambaya, wai shin marubutan Hausa sun taɓa taɓo zancen soyayya tsakanin mace da mace kafin zuwan Wattpad? Sun taɓa, kuma amsar na da alaƙa da Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Abubakar Rimi.

Ni a can na fara sayen littafi da kuɗina. Akwai wani dattijo mai shago da nake zuwa wurinsa, da ya hango ni sai ya ce, "'Yata, na biyun ya fito." Haka littattafan suke, na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke miki labari daidai inda ya yi daɗi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, irin waɗannan 'yan kasuwa su ne ƙofar adabin gaba ɗaya. Marubuci zai buga da kuɗinsa, ya kawo musu, su kuma su raba wa masu sari zuwa Katsina, Zariya, har Maraɗi. In sun ce ba su karɓa, to littafi ya mutu a ɗakin mai shi.

Shi ya sa Farfesa Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, kuma ba yabo ya yi nufi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya wa marubutan, aka daɗe ana muhawara a jaridu. Amma fa kasuwar nan ta buɗe wa mata baki. Hafsat Abdulwaheed ta riga ta share fage da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, tana maganar auren dole, saki da karatun 'ya mace ba tare da kwana-kwana ba. Ita kanta an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka ba labarin wani take ba.

To a ƙarshen shekarun 1990 ne Alkhamees Bature Makwarari ya fitar da Matsayin Lover, wanda ya taɓo maɗigo tsakanin 'yan mata 'yan makarantar kwana. Gari ya ɗauka. Matsin da aka yi masa ya kai ga an cire wuraren da suka tayar da ƙura, aka sake buga shi. Ku lura da shekarar: Hukumar Tace Finafinai ta Kano sai a 2001 aka kafa ta. Wato tun kafin gwamnati ta sa hannu, akwai almakashi a cikin harkar kanta. Daga baya ne, a 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a ƙarƙashin A Daidaita Sahu, hukumar tacewa kuma ta waiwayo kan marubuta.

Ga abin da ya fi tsaya min a rai. A iya littattafan da na karanta, 'yar maɗigo ba ta cika zama mutum ba. Ko Hajiya mai kuɗi da ke lalata yara, ko babbar ɗaliba a hostel, daga ƙarshe ciwo ko tuba. Na san matsayin addininmu a kan lamarin, ba shi nake jayayya da shi ba. A matsayina na mai karatu dai, ina gajiya da labarin da tun shafi na goma na san ƙarshensa.

Abin mamaki, Bahaushiyar da ta fi shahara a irin wannan labari ba Bahaushe ne ya rubuta ta ba. A 2015 Chinelo Okparanta ta fitar da Under the Udala Trees da Turanci, inda Ijeoma, 'yar Ibo, ta haɗu da Amina, marainiya Bahaushiya, a zamanin yaƙin Biyafara. Shekara ɗaya ke nan bayan Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. Da na karanta, na ji Amina ba ta yi magana da yawa ba. Ta idon Ijeoma kawai muke ganinta.

Yau kasuwar ta koma waya, WhatsApp da Wattpad, babu dattijon da zai ce ba ya karɓa. Shagunan Sabon Gari kuwa sun sha gobara a Maris ɗin 2016, sayen littafin takarda ma ya ja baya. Na koma kwanaki ina neman bugun farko na Matsayin Lover, mai cikakkun shafuka. Na zaga rumfa huɗu, wani yaro ya ce min bai taɓa jin sunan ba. In akwai mai shi a tsohuwar akwatin yayarta, don Allah ta yi min magana ta inbox.